Ƙunar Ganyen Dankalin Turawa a Lambun Gida: A Duba Kafin a Fesa

Manomi ɗan'uwa, da ke uwargida mai ɗan lambu a bayan ɗaki, da kai malamin gona da ake kawo wa ƙorafi, maganar wannan shafi ta shafe ku duka. A Karshi da garuruwan da ke kan hanyarta, irin su Orozo, Kurudu da Jikwoyi, tsadar kayan miya ta sa gidaje da dama sun koma shuka abin da ya sawwaƙa a ɗan filin cikin gida: tumatir, attaruhu, alayyafo, kuɓewa, wasu kuma har da dankalin turawa a kunya biyu ko uku, ko cikin buhunan da aka cika da ƙasa. Wannan abin yabawa ne. Sai dai da zarar ganyen dankalin ya fara baƙi, abu na farko da mai lambu kan yi shi ne ya nufi shagon magani, ya ce a ba shi "maganin dankali". Ra'ayina shi ne, a ƙaramin lambu, injin feshi shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a ɗauka. Idon mai lambu, da irin da ya shuka, da watan da ya shuka shi, su ne ke yanke hukunci tun kafin magani ya shigo zance.

Mece ce wannan cuta?

Manoman Filato suna kiran ta bilait. A wannan jagora za mu kira ta baƙar ƙuna, domin gonar da ta kama takan zama kamar an bi ta da wuta. Wata ƙwayar halitta ce ke jawo ta, mai suna Phytophthora infestans a kimiyyance. Tana kama da fumfuna, amma dangin halittun cikin ruwa ce, kuma wannan shi ne sirrinta: ba ta iya shiga ganye sai ta same shi a jiƙe. Tana son sanyi-sanyi, daga digiri 10 zuwa 24 a ma'aunin Salshiyas, da laima mai yawa a cikin iska, da ganyen da ya kwana cikin ruwa ko raɓa. Idan ta sami haka, kwana 4 zuwa 7 sun ishe ta ta shiga ganye, ta hayayyafa, ta saki sababbin ƙwayoyi da iska ko fantsamar ruwan sama za su kai wa tsiro na gaba. Gona mai kyan gani tana iya ƙarewa cikin mako biyu. Rana mai zafi da busasshiyar iska kuwa suna kashe ƙwayoyin cikin 'yan sa'o'i.

Ita ce ta faɗa wa ƙasar Ailan a 1845, ta jawo yunwar da ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, wasu fiye da miliyan kuma suka yi ƙaura. A nan gida, manoman Bokkos, Mangu da Barikin Ladi ba za su manta daminar 2014 ba, haka ma ta 2022, lokacin da gonaki masu yawa suka ƙone tun dankalin bai ƙosa ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kuma a sani, tumatir ɗan'uwan dankalin turawa ne, cutar ɗaya ce take cin su. Dankalin Hausa kuwa, duk da sunan da suka haɗa, ba danginsu ba ne, baƙar ƙuna ba ta taɓa shi.

Ba duk baƙin ganye ne baƙar ƙuna ba

A nan ne nake so mu daɗe, domin a nan ake asarar kuɗi. Cututtuka uku ne aka fi rikita su, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya.

Baƙar ƙuna takan fara ne da tabo mai kama da inda aka zuba wa ganye ruwan zafi, sau da yawa a bakin ganye ko a tsininsa. Tabon ba shi da tsari, yana faɗaɗa da sauri, ya koma ruwan ƙasa, sannan baƙi, da ɗan kewaye mai fatsi-fatsi. Ba ta zaɓen tsohon ganye. Takan kama na sama, ta gangara kan kara ta yi masa baƙin tabo har ya karye. Alamar da ba ta ƙarya ita ce farin gashi-gashi kamar auduga a bayan ganye, daidai gefen tabon. Da sassafe ake ganin sa, kafin rana ta shanye raɓa. Wanda ya fito duba lambu da hantsi ya makara.

Idan kana shakka, ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Tsinko ganyen, ka sa shi cikin farar leda tare da 'yar takarda ko tsumma mai danshi, ka ɗaure bakin, ka ajiye a wuri mai sanyi cikin ɗaki ya kwana. Da safe ka juya bayan ganyen. Idan farin gashin ya fito a gefen tabo, baƙar ƙuna ce. Idan bai fito ba, sai ka ƙara masa dare ɗaya, sannan ka nemi wani dalili.

Ta biyu ita ce ƙuna mai zobe, wadda Alternaria solani ke jawowa. Ita daga ƙasa take farawa, a tsofaffin ganye. Tabonta busasshe ne, ruwan ƙasa, idan ka duba da kyau za ka ga zobe cikin zobe kamar zanen faifai, ganyen kuma ya yi rawaya a kewaye. Tana son ɗumi, da yanayin da yau ruwa gobe rana, kuma ta fi samun tsiron da yunwar taki ta raunana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A wuri mai zafi irin Karshi, ita ce mai lambu zai fi yawan karo da ita, kuma tafiyarta a hankali take. Cire ganyen ƙasa da suka kamu, da ba tsiro taki daidai gwargwado, sukan rage ta ƙwarai.

Ta uku ita ce cutar yaushi, wadda bakteriya mai suna Ralstonia solanacearum ke jawowa. Tsiro zai yi yaushi da rana alhali ganyensa kore ne shar, ƙasa kuma da danshinta. Da yamma ya ɗan farfaɗo, bayan 'yan kwanaki ya kwanta gaba ɗaya. Yanko guntun kara daga gindi, ka rataya bakin yankan cikin tambulan mai ruwa garai, kada ka motsa. Cikin 'yan mintuna za ka ga farin abu kamar zaren hayaƙi yana saukowa daga karan. Idan ka raba ɗan dankalin biyu, za ka ga zobe mai ruwan ƙasa a ciki, in ka matsa ya fitar da farin ruwa. Wannan cuta ba ta da maganin feshi, ko na nawa ne. Duk wanda ya sayar maka da magani a kanta ya karɓi kuɗinka a banza. Tuge tsiron ake yi da ƙasar gindinsa, a fitar, a kuma huta da shuka dankalin turawa, tumatir, gauta, yalo, attaruhu da tattasai a wurin na aƙalla shekara uku.

Akwai kuma ɓarnar ƙwari, kamar tsutsar nan da ta gama da tumatir a Kano da Kaduna a 2016, wadda manoma ke kira sharon. Ita cikin ganye take shiga ta ci, ta bar fatar kamar takarda. Ɗaga ganyen ga hasken rana za ka ga tsutsar ko kashinta. Na kawo ta ne domin a gane cewa maganin ƙwari daban, maganin ƙuna daban. Fesa maganin ƙwari a kan baƙar ƙuna kamar ba mai zazzaɓi maganin tsutsar ciki ne.

Karshi ba Bokkos ba ce

Tudun Filato ya haura mita 1,200 daga doron teku, Karshi kuwa ba ta kai rabin haka ba. Can damina sanyi ne da hazo, shi ya sa dankali ke yi, shi ya sa kuma cutar ke yi. Nan da damina dare ba ya cika sauka ƙasa da digiri 20, alhali dankalin turawa ya fi yin 'ya'ya ne idan dare ya yi sanyi ƙasa da haka. Saboda haka wanda ya shuka shi a Karshi a watan Yuni ko Yuli ya haɗa wa kansa asara biyu: zai sami ganye mai yawa da 'ya'ya ƙanana, sannan idan marka ta sauka a Agusta, rana ta ɓuya kwana uku ko huɗu, zafi ya ragu, ganye ya ƙi bushewa, ya buɗe wa cututtuka ƙofa, shi da tumatir ɗin da ke kusa da shi.

Ni dai a ganina, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Da damina a ba dankalin Hausa wurin, musamman mai jan ciki wanda ke ɗauke da sinadarin bitamin A. Dankalin turawa a jira shi zuwa ƙarshen Oktoba ko farkon rabin Nuwamba, yadda zai yi 'ya'ya cikin sanyin Disamba da Janairu, a haƙe shi bayan kwana 80 zuwa 100, kafin zafin Maris ya iso. Haka masu noman rani suke yi a wajajen Zariya da Kano. Busasshiyar iskar hunturu magani ce da ba a saye, domin ba ta barin ganye ya kwana a jiƙe. Na san akwai mai cewa ruwan ban-ruwa wahala ne a Karshi da rani, kuma gaskiya ne. Amma kunya uku ko buhu goma ba su fi ƙarfin rijiya ko 'yan jarkoki ba. Wanda ba shi da ko wannan, ya haƙura da dankalin turawa, ya shuka abin da ƙasarsa ke so.

Cutar cikin kwando take zuwa

Wani zai ce, to in hunturu yana hana ta, ta ina za ta shigo? Ta cikin iri. Wannan ƙwaya ba ta daɗewa a busasshiyar ƙasa ita kaɗai; cikin ɗan dankali mai rai take fakewa ta jira. Mai lambu a Karshi yawanci daga kasuwa yake samun irinsa: ragowar dankalin ci da aka sayo a kasuwar Karshi ko ta Orange da ke Mararraba, ya yi tsiro a kicin, aka ce bari a binne. Ka tambayi kanka daga ina wannan dankali ya fito. Mafi yawansa daga Filato ne, kuma wanda ya isa tsiro a Oktoba da Nuwamba shi ne wanda aka haƙa cikin damina, wato a daidai lokacin da baƙar ƙuna ke kan ganiyarta. Ƙwaya ɗaya mai cuta ta isa ta fito da tsiro mai cuta, ban-ruwan yamma kuma ya raba wa sauran. Cutar yaushi ma ta wannan hanya take tafiya, ita kuma idan ta shiga ƙasar gidanka ta zauna ke nan shekara da shekaru.

Ba manomin ƙauye kaɗai abin ya shafa ba. A 2019 masu bincike daga Jami'ar Jihar Filato da ke Bokkos, tare da takwarorinsu na Cibiyar James Hutton ta Sikotlan, sun bayyana cewa nau'in cutar da suka samu a gonakin Filato shi ne wanda ake kira EU_33_A2, nau'in da aka fara sani a Turai. Iska ba ta ɗauko shi daga Turai ta haye hamada ba. Abin da hankali ya fi karɓa shi ne cikin dankali ya iso. Abin da ya faru tsakanin nahiya da nahiya, shi ne ke faruwa tsakanin kasuwa da bayan ɗakinki.

Saboda haka a nemi iri na shuka, ba na ci ba. Cibiyar Binciken Amfanin Gona Masu Saiwa ta Ƙasa, mai hedkwata a Umudike, tana da tashar binciken dankali a Kuru kusa da Jos. A 2023 an amince da sababbin iri huɗu da aka samo tare da Cibiyar Dankali ta Duniya, wato Unica, Juriya, Babban da Kyau, waɗanda aka zaɓa saboda yawan amfani da jure cututtuka fiye da tsofaffin iri irin su Nicola da Marabel. Unica an san ta kuma da jure ɗumi, abin da ya dace da mai lambu a wajen Filato. A lura, juriya ba ta nufin cuta ba za ta taɓa ba. Tana nufin za ta yi tafiyar hawainiya, ta ba ka lokaci. Gida ɗaya ba zai je Kuru saboda kwano biyu na iri ba, amma gidaje ashirin za su iya haɗa kuɗi su aika ta hannun malamin gona.

Idan dole sai na kasuwa, to a tantance shi ɗaya bayan ɗaya. A zaɓi mai girman ƙwan kaza, a shuka shi sukutum ba tare da an yanka ba, domin wuƙa tana ɗaukar cuta daga wannan zuwa wancan. Duk wanda fatarsa ta lotsa, ta yi tabo mai ruwan ƙasa ko shuɗi-shuɗi, a ware shi. A yanka biyu ko uku daga cikin tulin don gwaji: ja-ja mai kama da tsatsa a ƙarƙashin fata alamar baƙar ƙuna ce. Sauran a baza su a inuwa mai haske na wasu makonni har su fitar da tsiro gajere mai kauri. Masu cuta sukan tona asirin kansu a wannan zama. Araha ba ta ado.

Abin da hannu zai yi

A ba da tazarar santimita 30 tsakanin tsiro da tsiro, da 75 tsakanin kunya da kunya, a wurin da ranar safe ke samu. Jikin katanga da ƙarƙashin mangwaro, inda raɓa ke daɗewa, ba wurin dankali ba ne. A zuba ruwa a gindi, da safe. Mai watsa ruwa a kan ganye da magariba, da hannunsa ya mai da hunturu damina. A riƙa tara ƙasa a gindin tsiro sau biyu kafin ganye ya rufe kunya, domin ƙasar ce ke tare ƙwayoyin cuta da ruwa ke wankowa daga ganye kafin su kai ga 'ya'yan. Kada a cika takin yuriya, yana sa ganye ya yi duhu ya yi laushi. Kada kuma a haɗa dankali da tumatir kafaɗa da kafaɗa.

Fifikon mai ƙaramin lambu a kan mai hekta biyar shi ne, yana iya duba kowane tsiro kowace safiya. Minti goma sun isa. Ganye na farko da ya nuna alama a tsinke shi idan raɓa ta bushe, a sa cikin leda nan take, kada a ratsa lambu da shi a buɗe. Tsiron da cutar ta kai ga karansa a tuge shi duka. A ƙone, ko a binne cikin rami mai zurfi. Kada a zuba a ramin takin gargajiya, kada a jefa bayan katanga, inda iska za ta mayar wa maƙwabci.

Idan cutar ta riga ta ci kusan kwatar ganyen lambu, kuma 'ya'yan sun fara girma, shawarata ita ce a daina kokawa da ita. A yanke kara duka daga gindi a rana mai haske, a kwashe, a daina ban-ruwa, a bar dankalin cikin ƙasa mako biyu zuwa uku. A wannan zama ƙwayoyin da ke saman ƙasa za su mutu, fatar dankalin kuma ta yi ƙwari. Wannan shawara tana da ɗaci, domin ba mai son yanke shukarsa da hannunsa. Amma ƙaramin dankali mai lafiya ya fi babba wanda zai ruɓe a kwando cikin kwana biyar. A haƙa a busasshiyar rana, a tsince har ƙanana, kada a bar ko ɗaya ya sake tsirowa baɗi. Daga lambun da ya kamu ba a ajiye iri.

To yaushe za a fesa?

Ban ce kada a fesa ba. Manomin Filato mai noman damina ba shi da makawa, haka ma mai tumatir da marka ta rutsa da shi. Abin da nake so a fahimta shi ne, mafi yawan magungunan nan garkuwa ne. Mankozeb da magungunan jan ƙarfe, waɗanda asalinsu ke komawa ga haɗin Bodo da aka gano a Faransa a shekarun 1880, suna zama ne a kan ganye su hana cuta shiga. Ganyen da ya riga ya ƙone ba ya dawowa. Saboda haka lokacin feshinsu shi ne kafin a ga alama, idan hadari ya dage ko aka ji ta ɓulla a maƙwabta, a maimaita duk kwana 7 muddin ana ruwa, a tabbatar maganin ya kai bayan ganye.

Masu shiga jikin tsiro, irin haɗin metalaksil da mankozeb da ake sayarwa da suna Ridomil Gold, suna iya tsayar da cutar ne kawai a farkon shigarta. Kuma cutar tana sabawa da su: tun a 1980, 'yan shekaru kaɗan bayan fitowar metalaksil, aka sami nau'in da ba ya jin sa a Ailan da Holan. Kada a fesa shi fiye da sau biyu ko uku a shuka ɗaya.

Akwai wani abu da ya sa nake taka-tsantsan da feshi a cikin gida. Lambun gida yana kusa da rijiya, da kaji, da yara masu rarrafe, da alayyafon da za a tsinka yau a dafa yau. Tarayyar Turai ta janye amincewarta da mankozeb a ƙarshen 2020 saboda damuwa kan lafiyar ɗan Adam. Idan har za a fesa, a sayi mai lambar NAFDAC wanda wa'adinsa bai wuce ba, a cikin ainihin mazubinsa, ba wanda aka ƙulla a leda ba. A auna yadda takardar jikinsa ta ce, ba da murfin kwalba ko cokalin shayi ba. A rufe hanci da baki da hannu, mai juna biyu kada ta yi feshi, a kuma kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da girbi. Injin da aka fesa maganin ciyawa da shi kada ya kusanci dankali, domin ƙunar da ragowarsa ke yi ma ana ɗaukar ta a matsayin cuta.

Gare ku malaman gona

Idan aka kawo muku ganye, kada ku yi saurin rubuta sunan magani. Ku tambayi watan da aka shuka, da inda aka samo iri, da lokacin da ake ban-ruwa, da ganyen da cutar ta fara kamawa, na sama ko na ƙasa. Ku riƙa yawo da leda da tambulan, ku yi gwajin nan biyu a gaban mata da matasa har su iya da kansu. Ku kuma zauna da masu shagon magani na unguwanninku, domin su ne mai lambu ke fara gani kafin ya gan ku. Duk inda kuka tabbatar da baƙar ƙuna, a dankali ko a tumatir, ku sanar da gidajen da ke kewaye a ranar, ku rubuta kwanan wata da wurin, ku aika da rahoto ofishin Hukumar Bunƙasa Aikin Gona ta Babban Birnin Tarayya da ke Gwagwalada. Masu niyyar shukar hunturu kuma a tara sunayensu tun watan Agusta, domin irin da za a binne a Nuwamba yana bukatar ya iso Karshi kafin tsakiyar Oktoba, ya sami makonnin da zai yi tsiro a inuwa.